Tarihin Rayuwar Paparoma Giregori na 13 (1502–1585)

1.0 Gabatarwa

Kalandar da ake ratayewa a ofisoshi da makarantu, wadda da ita ake tsara zangon karatu da biyan albashi, Hausawa suna kiranta kalandar Miladiyya ko ta Turawa. A yawancin harsunan duniya kuwa ana jingina ta ne ga mutumin da ya sa hannu a kan dokar da ta kafa ta, wato Paparoma Giregori na 13, wanda ya shugabanci cocin Katolika daga 1572 zuwa 1585. Wannan babi zai bibiyi rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa mutuwa. Za a ga cewa duk abin da ya nema da ƙarfin soja ya wargaje tun yana raye, amma abin da ya gina da alƙalami da shawarar masana yana nan bayan shekara fiye da 400.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

Sunansa na yanka Ugo Bonkompanyi. An haife shi ranar 7 ga Janairu, 1502, a birnin Bolonya da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa, Kiristoforo, attajiri ne mai rufin asiri. A wancan zamani Italiya ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce. Ta rarrabu ne zuwa ƙananan dauloli, ɗaya daga cikinsu kuwa ita ce Daular Paparoma, wadda ta mamaye tsakiyar ƙasar, kuma Bolonya ta dawo ƙarƙashin ikonta sosai a 1506. Ke nan Paparoma a lokacin riga biyu yake sanye da ita: shi ne shugaban addini na Katolikan duniya, kuma shi ne sarki mai ƙasa da haraji da sojoji.

Bolonya ta yi suna da jami'arta, wadda ake lissafa kafuwarta daga 1088, kuma ta shahara a fannin shari'a. A nan Ugo ya yi karatu har ya sami digirin digirgir a 1530 a kan dokokin coci da na mulki. Daga 1531 zuwa 1539 ya koyar da shari'a a wannan jami'a. Wasu daga cikin ɗalibansa sun zama manya a coci, ciki har da Alessandro Farnese, jikan Paparoma Bulus na 3. Waɗannan shekaru takwas na koyarwa su ne suka gina halinsa: bin ƙa'ida, da haƙurin tantance takardu, da girmama masu ilimi.

Ƙuruciyarsa ta zo daidai da lokacin da cocin Katolika ta shiga babbar girgiza. A 1517 Martin Luta ya fito da ƙorafe-ƙorafensa a Jamus, abin da ya haifar da ɗariƙun Furotesta. A 1527 sojojin Sarki Shal na 5 suka washe birnin Rum. A 1534 kuma Ingila ta ɓalle daga biyayya ga Paparoma. Wannan ɓaraka ita ce ta zama abin da Ugo ya ƙare rayuwarsa yana ƙoƙarin ɗinkewa.

3.0 Hidimarsa a Fadar Rum

A wajajen 1539 ya bar koyarwa ya koma Rum, inda Paparoma Bulus na 3 ya ba shi muƙaman alƙalanci da na rubuce-rubucen fada. Saboda ƙwarewarsa a shari'a aka tura shi babban taron malaman coci na garin Tirento, wanda aka yi ta zama ana tashi daga 1545 zuwa 1563. Taron ya fayyace aƙidun Katolika, ya kuma zartar da gyare-gyare, muhimmai daga ciki su ne tilasta wa kowane bishop zama a yankinsa, da kafa makarantun horar da limaman coci.

A 1548, tun kafin a naɗa shi limami, Ugo ya sami ɗa namiji mai suna Jakomo da wata mata mai suna Maddalena, ba tare da aure ba. Bai ɓoye yaron ba, ya amince da shi a hukumance. A 1558 Paparoma Bulus na 4 ya naɗa shi bishop na garin Biyeste, kuma masu tarihi sun lura cewa rayuwarsa ta ƙara kamewa daga baya, musamman saboda tasirin Karlo Borromeyo, babban bishop na Milan, wanda ya shahara da gudun duniya.

Ranar 12 ga Maris, 1565, Paparoma Fiyus na 4 ya ɗaga shi zuwa matsayin kadinal, wato ɗaya daga cikin manyan limaman da ke ba Paparoma shawara, kuma su ne ke zaɓen magajinsa. A wannan shekara aka aike shi Sifen a kan shari'ar Karanza, babban bishop na Toledo, wanda kotun binciken aƙida ta tsare tun 1559. Bai kammala shari'ar a wannan tafiya ba, sai a 1576 ya yanke ta yana Paparoma, amma ya dawo da riba guda: ya sami yardar Sarki Filibus na 2, sarkin da ya fi kowa ƙarfi a cikin sarakunan Katolika na lokacin.

4.0 Hawansa Kujerar Paparoma

Paparoma Fiyus na 5 ya mutu ranar 1 ga Mayu, 1572. Zaɓen sabon Paparoma yakan ɗauki makonni, wani lokaci ma watanni, saboda ja-in-ja tsakanin ɓangaren Sifen da na Faransa. Amma a wannan karo ba a cika kwana ɗaya ba aka zaɓi Kadinal Bonkompanyi, ranar 13 ga Mayu, yana da shekara 70. Ya ɗauki sunan Giregori domin girmama Giregori na 1, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, kuma a ranar tunawa da shi ne aka naɗa shi kadinal.

Ya fara mulki da alwashin aiwatar da ƙudurorin Tirento. Ya matsa wa bishop-bishop su koma yankunansu, ya tura masu duba majami'u, ya kuma kafa ofisoshin jakadanci na dindindin a wasu garuruwa kamar Lusan da Giras da Kolon. Duk da haka bai kuɓuta daga ɗabi'ar fifita dangi ba. Ya naɗa 'ya'yan 'yan'uwansa biyu kadinal, ɗansa Jakomo kuwa ya ba shi riƙon ganuwar Sant'Anjelo, daga baya ya sama masa sarautar Sora a 1579.

5.0 Siyasa da Yaƙe-yaƙe

Wata uku da hawansa aka yi abin da ya zama tabo mafi muni a tarihinsa. A watan Agusta na 1572 manyan 'yan Furotesta na Faransa suka taru a Faris domin bikin auren Hanri na Nabar da ƙanwar Sarki Shal na 9. Daren 24 ga wata, ranar tunawa da waliyyi Bartalamawus, aka far musu da kisa bisa umurnin fada, aka kashe jagoransu Kolinyi, sannan gari ya ɗauka. Kisan ya bazu zuwa sauran birane har tsawon makonni, kuma masana tarihi sun ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin 5,000 da 30,000.

Giregori ba shi da hannu a shirya wannan kisa, kuma labarin da fadar Faransa ta aika Rum shi ne cewa an murƙushe wani yunƙuri ne na kifar da sarki. Sai dai abin da ya yi bayan samun labarin yana nan a rubuce. Ya sa an yi addu'ar godiya, ya sa an buga lambar tunawa da ranar, ya kuma sa mai zane Basari ya zana abin da ya faru a bangon wani zauren fadarsa. Wannan murna ta zurfafa gaba tsakanin ɓangarorin biyu, ta kuma sa 'yan Furotesta suka riƙa zargin duk abin da ya fito daga hannunsa, ko da kuwa lissafin kwanaki ne.

Sauran yunƙurinsa na soja bai haifar da ɗa mai ido ba. Ya so ya ɗora a kan nasarar da jiragen ruwan Kirista suka samu a kan Daular Usmaniyya ta Turkiyya a Lefanto a 1571, amma a 1573 Banis ta yi sulhu da Turkawa ita kaɗai, ƙawancen ya watse. Daga nan ya mai da hankali ga tumɓuke Sarauniya Elizabet ta 1 ta Ingila ta hanyar tayar da bore a Ailan. A 1578 ya ba wani Baturen Ingila mai suna Tomas Situkili ɗaruruwan sojoji. Da suka isa Lisbon sai Situkili ya sauya hanya ya bi Sarki Sabastiyan na Fotugal zuwa yaƙin Maroko, inda aka hallaka su duka biyun a gwabzawar Wadil Makhazin. Wannan yaƙi ne ya ɗora Ahmad al-Mansur a gadon sarautar Maroko, sarkin da rundunarsa ta karya Daular Songhai a 1591. Wata rundunar da aka tura Ailan daga baya kuma, wadda ta kai kimanin mutum 600, ta miƙa wuya a Simawik a 1580, sojojin Ingila suka karkashe su.

Inda ya yi nasara shi ne inda ya aika jakada a maimakon soja. Wakilinsa Antoniyo Fosebino ya shiga tsakani har aka tsagaita wuta tsakanin Folan da Sarki Iban na 4 na Rasha a 1582, ko da yake burin jawo Rasha cikin cocin Katolika bai cika ba.

6.0 Makarantu da Littattafai

Giregori ya fahimci cewa jahilcin limamai yana daga cikin abin da ya raunana cocinsa. Don haka ya zuba dukiya mai yawa a kan ilimi, ya kuma dogara ga ƙungiyar Jesuwit, wadda ta ƙware a harkar koyarwa. A birnin Rum ya farfaɗo da Kwalejin Jamusawa a 1573, ya kafa ta Girkawa a 1577, da ta Ingilishi a 1579, da ta Maroniyawan Labanon a 1584. Manufarsa ita ce a horar da matasa daga kowace ƙasa su koma su yi aiki a cikin mutanensu da harshensu. Kwalejin Rum, wadda Jesuwit suka kafa a 1551, ya gina mata sabon mazauni ya kuma yanka mata kuɗin shiga. Ita ce ake kira Jami'ar Giregori a yau.

A matsayinsa na masanin shari'a, ya sa an tace kundin dokokin coci aka buga shi a 1582, kuma an ci gaba da aiki da shi har zuwa farkon ƙarni na 20. Bugu da ƙari, da goyon bayansa aka kafa maɗaba'ar Medici a Rum a 1584 domin buga littattafai da haruffan Larabci da na sauran harsunan Gabas. Manufar farko ita ce yaɗa addinin Kirista, amma bayan mutuwarsa maɗaba'ar ta buga littafin nahawu na Ajurumiyya a 1592, da littafin likitanci na Ibn Sina a 1593, abin da ya taimaka wa nazarin Larabci a Turai.

Ta fuskar gine-gine, shi ne ya fara gina fadar Kwirinale a 1583, wadda a yau take fadar shugaban ƙasar Italiya. Ya kuma sa an zana taswirori 40 na yankunan Italiya a wani dogon zaure na fadar Batikan.

7.0 Gyaran Kalanda

Kafin 1582 Turai tana amfani ne da kalandar da Yuliyas Kaisar ya kafa shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan kalanda ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da awa 6, don haka duk bayan shekara huɗu ake ƙara kwana ɗaya a watan Fabrairu. Irin wannan shekara mai kwana 366 ita Larabawa ke kira kabisa. Matsalar ita ce ainihin shekarar rana kwana 365 ce da awa 5 da minti 48 da kusan daƙiƙa 46. Bambancin bai wuce minti 11 da 'yan daƙiƙoƙi ba, amma idan ya taru yakan cika kwana guda a cikin kimanin shekara 128.

Abin ya dami coci ne saboda bikin Ista. Ƙa'idar da ake dangantawa da taron Nikiya na 325 ita ce a yi bikin ranar Lahadin farko bayan cikar wata da ta biyo bayan 21 ga Maris, ranar da tsawon dare da na yini suke daidaita. Zuwa ƙarni na 16 wannan daidaito ya zame ya koma wajajen 11 ga Maris. Rana ba ta ƙarya, kalanda ce ta kauce. Masana sun daɗe da gano haka, an kuma sha tayar da maganar, amma ba a sami wanda ya kai ta gaci ba.

Giregori ba masanin taurari ba ne, kuma bai yi da'awar haka ba. Abin da ya yi shi ne kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Kadinal Sirleto. Cikinsu akwai Kiristofa Kilabiyus, Bajamushe malamin lissafi a Kwalejin Rum, da Inyasiyo Danti mai zana taswira, da Ni'imatullahi, tsohon shugaban cocin Suryaniyawa na Antakiya, wanda ya san ayyukan masana taurari na Gabas. Tsarin da kwamitin ya ɗauka na wani likita ne daga kudancin Italiya mai suna Luwiji Liliyo, wanda ya mutu a 1576, ɗan'uwansa Antoniyo ya miƙa rubutun nasa. A 1577 aka aika taƙaitaccen bayanin tsarin ga sarakuna da jami'o'in Katolika domin jin ra'ayinsu. Sai bayan an tattara amsoshi ne Paparoma ya sa hannu a kan dokar, ranar 24 ga Fabrairu, 1582.

Gyaran ya ƙunshi abubuwa uku. Na farko, an tsallake kwana 10: daga Alhamis 4 ga Oktoba, 1582, aka wayi gari Jumma'a 15 ga Oktoba, ba tare da an taɓa jerin ranakun mako ba. Na biyu, an ce shekarar da ta cika ƙarni ba za ta zama kabisa ba sai idan 400 ta raba ta ba saura. Shi ya sa 1600 da 2000 suka zama kabisa, amma 1700 da 1800 da 1900 ba su zama ba, haka ma 2100 ba za ta zama ba. Ta haka ake samun kabisa 97 a maimakon 100 a cikin kowace shekara 400, kuskuren kuwa ya ragu zuwa kwana ɗaya a cikin shekara fiye da 3,000. Na uku, an gyara jadawalin lissafin wata da ake fitar da ranar Ista da shi. Ya kamata a lura cewa ƙirga shekaru daga haihuwar Annabi Isa ba aikin Giregori ba ne, an fara shi tun ƙarni na 6. Sunayen watannin ma gadon Rumawan da ne.

Sifen da Fotugal da Folan da yawancin Italiya sun karɓi gyaran nan take, Faransa ta biyo baya a watan Disamba. Ƙasashen Furotesta kuwa suka ƙi, ba don lissafin ya gaza ba, sai don hannun da ya miƙo shi. Cocin Otodoks ma ta yi watsi da shi a 1583. Haka Turai ta shafe fiye da ƙarni tana da kwanan wata iri biyu, har matafiyi kan ƙetare iyaka ya tarar an riga shi da kwana goma. Amma sannu ba ta hana zuwa. Jamusawa 'yan Furotesta sun karɓa a 1700. Birtaniya da ƙasashen da take mallaka sun bi a 1752, inda suka tsallake kwana 11. Japan ta karɓa a 1873, Rasha a 1918, Girka a 1923, Turkiyya a 1926. Wasu majami'un Otodoks har yanzu suna bin tsohon lissafi a ibadarsu, shi ya sa Kirsimetinsu ke faɗowa ranar 7 ga Janairu. A ƙasar Hausa kuwa, mulkin mallaka na Ingila da na Faransa ne ya mai da wannan kalanda ta zama ta hukuma, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kalandar Hijiriyya ta lissafin wata, wadda Musulmi ke tsayar da azumi da salla da ita.

8.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Makarantu da gine-gine da taimakon yaƙe-yaƙe sun ƙwaƙule baitulmali. Domin cike giɓin, Giregori ya koma ga sana'arsa ta lauya: ya sa an binciko tsofaffin takardun mallaka, aka ƙwace filayen manyan iyalai da suka kasa nuna hujja ko suka daina biyan haƙƙin fada. A bisa doka yana da madafa, amma a siyasance ya taro wa kansa faɗa. Masu sarauta da suka fusata suka riƙa ɗaure wa 'yan fashi gindi, har hanyoyin daular suka zama abin tsoro, Rum kanta ba ta tsira ba. Magajinsa, Sikistus na 5, shi ne ya murƙushe su da hukunci mai tsanani.

Makonni kaɗan kafin mutuwarsa, a watan Maris na 1585, ya karɓi baƙuncin wasu samari Kiristoci daga Japan, waɗanda suka baro Nagasaki tun 1582. Ya mutu ranar 10 ga Afrilu, 1585, yana da shekara 83, bayan mulkin kusan shekara 13. An binne shi a majami'ar Bitrus da ke Batikan, kuma a jikin ginin kabarinsa an sassaƙa hoton masana suna miƙa masa tsarin kalanda.

9.0 Kammalawa

Rayuwar Giregori na 13 ta haɗa abin yabo da abin zargi. Murnar da ya yi da kisan 1572 da tura sojoji ƙasashen wasu sun jawo asarar rayuka, sun kuma jinkirta karɓar aikinsa mafi amfani da shekaru masu yawa. A ɗaya ɓangaren, ya san iyakar iliminsa, ya tara waɗanda suka fi shi sani ba tare da duban ƙasarsu ba, ya nemi shawara kafin ya zartar da hukunci. Wannan ne ya sa kalandarsa ta wuce iyakar cocin da ta haife ta, har mabiya addinai daban-daban suke hulɗa da ita a yau.

Tambayoyi

1. Wane tasiri karatun shari'a da koyarwa suka yi a kan salon mulkin Giregori na 13?
2. Bayyana kuskuren da ke cikin kalandar Yuliyas Kaisar da yadda aka gyara shi a 1582.
3. Me ya sa ƙasashen Furotesta suka jinkirta karɓar sabuwar kalanda?
4. Ta yin koyi da tsarin wannan babi, rubuta tarihin rayuwar wani shahararren malami na ƙasar Hausa.